Shekarar da Aka Daina Amsa Mini Sallama

Kun taso kun tarar da katanga a tsakiyar gidanmu, ta raba sashenmu da na Yaya Garba, kuma na san kowannenku ya ji tarihinta a bakin wani. Akwai masu ce muku rigimar gado ce, akwai masu cewa mata ne suka haɗa mu. Babu ko ɗaya a ciki. Auwalu da Zainab sun ga wani ɓangare da idonsu, amma suna ƙanana a lokacin, abin da suka riƙe bai wuce kuka da rufe ƙofa ba. Sauranku kuwa ba a haife ku ba. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin tashi, na ga ya kamata ku ji daga bakina, yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

A waɗancan shekarun ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Ba zan ambaci sunansa ba. An daɗe da rufe shi, kuma waɗanda muka yi aiki tare har yanzu suna da 'ya'yan da za su aurar. Aikina shi ne tsayawa a kan injin da ke ƙanƙare bayan fata har ta zama kauri ɗaya daga wuya zuwa wutsiya. Ba na manta ranar da na fara shiga wurin. Ni da na saba ganin majema suna jiƙa fata a tukunya da bagaruwa, sai ga ni a gaban waɗansu ganguna na katako, kowace ta fi ɗakin kakarku Inna girma, suna juyawa da fatu a cikinsu, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na tsaya baki buɗe har sai da wanda ya kawo ni ya taɓa ni. Kuma har na bar wurin mamakin bai sake ni ba. Fatar akuyar da aka yanka a wani ƙauyen Jigawa ko Nijar za ta shigo da gashinta da warinta, ta fita da laushi kamar kunnen jariri, a ɗaure ta a tura ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba.

Ƙauyenmu kun san shi, bayan Panshekara, inda ƙasa ta fara gangarawa kogi. A wancan lokacin ni kaɗai ne ɗan asalin garin da ke aiki a wannan kamfani. Sauran ma'aikatan baƙi ne, 'yan haya a Panshekara da Zawaciki. Shuɗiyar rigar aikina abin alfahari ce a unguwa. Dattawa kan tare ni a ƙofar masallaci su ce in yi wa ɗansu hanya, ko da shara ce. Hatta warin fatar da ke biyo ni gida ba a ƙyamace shi ba, abokan wasa kan toshe hanci su ce warin albashi ne, mu yi dariya. Gidanmu kuma tukunya ɗaya ce. Babanmu ya rasu, Inna tana nan da ƙarfinta. Yaya Garba yana noman rani a bakin kogi, tumatir da albasa da salak, da damina ya noma hatsi, ni kuma ina kawo abin da aka samu ƙarshen wata. Hatsinsa da cefanena ne suke haɗuwa su zama tuwo. Mahaifiyarku Rabi tana suyar awara a cikin gida, kafin la'asar ta ƙare ƙarƙaf.

Bayan gidanmu gidan Malam Ya'u ne, lambunsa kuma yana jingine da na Yaya Garba. Ya girme mu da nisa. Ba malamin zaure ba ne, ba mai dukiya ba ne, ba a kiransa sasanta rikici. Doguwar magana ba ta cikin ɗabi'arsa, in kun gaisa kun gama. Ya daɗe yana haihuwa suna komawa, har mutane suka daina yi masa barka da ƙarfi. Sai da furfura ta cika gemunsa aka haifa masa mace, aka sa mata Hindatu, ita kuma ta tsaya. A shekarar da nake ba ku labari ta fara zuwa makaranta. Da yamma za ka gan shi yana dawowa daga lambu, fartanya a kafaɗa ɗaya, Hindatu a ɗaya kafaɗar tana riƙe da hularsa.

Wata safiya a tsakiyar rani Yaya Garba ya gangara kogi zai tayar da injin ban-ruwa, bai daɗe ba ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce mu zo mu gani. Muryarsa ce ta sa ban tambaye shi komai ba. Da muka isa mun tarar da rabin gari a bakin gaɓa. Ruwan ya yi baƙi, da wani kumfa mai shuɗi-shuɗi yana lilo a gefe. Kifi kuwa, tarwaɗa da karfasa da ƙananan da yara ke kamawa, duk sun juya cikinsu sama, fari fat, iya ganinka. Ban taɓa sanin kogin nan yana ɗauke da rai mai yawa haka ba sai ranar da na gan shi a mace. Balbelu sun jeru a kan yashi suna kallo, ko ɗaya ba ta sa baki ba. Wani tsoho a gefena sai salati yake a hankali. Da iska ta kaɗo, warin da ta kawo kowa ya san shi, domin sun sha jin sa a jikin rigata. Na ga wasu sun waiwayo sun dube ni, sannan suka mayar da ido kan ruwa.

Waɗanda suka yi ban-ruwa kafin a lura, cikin 'yan kwanaki ganyen shukarsu ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Yaya Garba yana cikinsu, Malam Ya'u ma haka. Sai magana ta hau rediyo, a shirin da mutane ke bugo waya, wani ya ambaci sunan kamfaninmu. Sai ga wani bidiyo yana yawo a wayoyi, bututu yana aman baƙin ruwa cikin kwazazzabo, a bayansa ga katanga mai irin fentin tamu. Kamfani ya ce ba nasa ba ne, magudanar ta masana'antu da yawa ce. Hukuma ta turo mutane suka zagaya, suka ɗebi ruwa a kwalabe suka tafi. Ni dai ban san gaskiyar ba a lokacin, kuma har yau da nake rubutun nan ban san ta ba. Sashena yana can gaba inda fata ta riga ta tsane, ruwan da ke fita ta baya ba ya bi ta gabana. Amma wa zai tsaya jin wannan? Masu kamfanin ba sa kwana a ƙauyenmu, suna can Nassarawa bayan dogayen katangu da masu gadi. Mutumin da gari yake gani kullum da rigar kamfani a jikinsa ni ne.

Abin da ya biyo baya har yanzu ina jinjina shi, yadda mutanen da suka goya ka, suka ci sunanka, za su iya sauyawa gaba ɗaya ba tare da sun zauna sun shawarta ba. Babu wanda ya zage ni da farko. Sallama ce aka fara amsawa a maƙoshi, daga baya aka daina. In na nufo majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri. A masallaci, wanda ke gefena kan bar tazarar da ɗan akuya zai wuce tsakanin kafaɗata da tasa, liman ya ce a daidaita sahu, a motsa ƙafa, tazarar tana nan. Awarar Rabi ta fara kwana, mata suka ce da kuɗin guba aka sayi waken. Wata rana Auwalu ya dawo daga Islamiyya da rigarsa a yage, ya ƙi faɗin abin da aka ce masa, sai Zainab ce ta faɗa wa uwarsu a kunne. A Panshekara kuma na ji wani mai gida ya watso kayan abokan aikina uku waje, 'yan Nijar, ya ce ba ya ajiye masu kashe kogi.

Yaya Garba bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Mutum ne da ya zuba duk abin da yake da shi a lambun nan, ya tsaya yana kallo ya zama toka. Ya rame, ya daina fita. Wata yamma aka kawo mana tuwo a zaure kamar kullum, ya wanke hannu, ya gutsura, ya riƙe lomar ya daɗe, sannan ya mayar da ita cikin kwano.

Ya ce, "Habibu, ba na ce kai ka zuba ba. Amma duk lomar da zan kai bakina daga tukunyar nan, kifin nan nake gani."

Kashegari matarsa ta kafa murhunta daban. Bayan mako aka kafa zana. Katangar da kuka sani daga baya ta zo, a kan layin zanan.

A ɗakinmu kuwa magana ɗaya ce safe da yamma: in bar aikin ko in zauna. Rabi ta ce in bari. Ta ce yunwa ta san yadda za ta yi da ita, amma ba za ta iya kallon 'ya'yanta suna laɓewa a bayan ƙyaure in sun ji muryar yara a waje ba. Ta ce in na tuɓe rigar nan mutane za su ga ba na tare da masu laifi. Inna kuma ta ƙi. Tana tsakanin 'ya'yanta biyu, ga na fari da ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, ga ni, kowanne a nasa ɓangaren, tana cin abinci rana a nan rana a can don kada a ce ta zaɓa. Duk da haka a wannan magana ba ta yi kwana-kwana ba.

Ta ce, "In ka zauna za su ce kana ci da su. In ka fita za su ce ka san abin da ka gudar wa. Gara a zarge ka da abinci a gidanka."

Na yi ta juya maganar, na yi istihara, a ƙarshe na bi ta Rabi. Ba don ta fi hujja ba, sai don na gaji da ganin tazarar nan a sahu, kuma na ɗauka akwai abin da zan iya yi da hannuna in rufe ta. Na je na mayar da riga da takalmi a sito, na yi wa injina kallon ƙarshe, na fito. Tun kafin in kai bakin titi na gane na yi asarar gida biyu. Abokan aikina da muke cin abinci a kwano ɗaya suka kau da kai, ashe a cikin kamfani an daɗe ana raɗa cewa ni na ɗauki bidiyon, tunda ni ne ɗan ƙauyen. A ƙauye kuma, kafin magariba, labari ya zaga cewa Habibu ya tsere saboda an kusa kama su. Inna ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Ta dai miƙo mini fura ta ce in sha.

Na shiga neman aiki. Na taka Sharada layi-layi, kamfanonin roba da na sabulu da na tabarmar leda, na haye Bompai wajen masu alewa da masu man gyaɗa. Ko'ina za a dubi hannuna a ga na san inji, a fara sakin fuska, sai a tambayi inda na yi aiki. Da na faɗi sunan sai fuska ta rufe. Wani dattijo mai ɗaukar ma'aikata a Bompai ya raka ni har ƙofa, ya ce shi bai ga laifina ba, amma hukuma ta sa wa kowa ido a lokacin, mai gidansa ba zai so a ce ya kwashi mutanen wancan wuri ba. Ya ce in dawo in ƙura ta lafa. Na gode masa na hau babur ɗina, na kama hanyar gida da rana tsaka, ba na sauri, don ban san abin da zan ce a gida ba.

Ana cikin haka Hindatu ta kwanta. Zazzaɓi da amai, sai ƙuraje suka feso mata. Ta katangar baya muna jin kukan uwarta. Aka kai ta asibiti cikin gari, ta yi kwanaki, aka dawo da ita a naɗe. Me ya kashe ta? Wasu sun ce likita ya ce ciwon da ke yawo ne a lokacin zafi, ya ɗauki yara a unguwannin da ba su ma san kogi ba. Wasu sun ce an gan ta tana wasa a ruwan da ya kwanta a lambun ubanta. Babu wanda ya tabbatar. Amma gari ya riga ya yanke hukunci tun kafin motar ta tsaya. Da hantsi wani ya leƙo zaurenmu, bai yi sallama ba, ya ce samari sun taru, in ina son kaina kada in fito jana'iza.

Rabi ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙyaure da hannu biyu tana kuka, tana haɗa ni da Allah. Na zauna a bakin gado, hula a hannu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Sai Inna ta shigo, ta dubi Rabi, ta dube ni.

Ta ce, "Maƙwabcinka ne ya rasa 'yarsa. Tashi. In za su dake ka, su dake ka a hanyar maƙabarta."

Na tashi. An yi salla a ƙofar gidan, na tsaya a sahun ƙarshe ni kaɗai, babu kowa a damana babu kowa a haguna. Da aka ɗauki makara na bi daga nesa. A maƙabarta na tsaya ƙarƙashin wata darbejiya, inda nake hango taron amma ba na cikinsa. Ban daɗe ba samari suka fara zamewa daga bayan jama'a suna nufo ni. Yaran da na sani ne, wasu ni na raka ubanninsu neman auren uwayensu. Ɗaya ya ce in bar wurin tun da mutuncina. Wani ya ce na zo ganin aikina ne. Na tsaya a inda nake. Sai na ji hoge ya fashe a kafaɗata, ƙasa ta cika mini kunne. Na biyu dutse ne, ya same ni a haƙarƙari. Hayaniya ta tashi, jama'ar da ke bakin kabari suka juyo, kuma a fuskokin da na gani babu wadda ke shirin hanawa.

Malam Ya'u yana durƙushe a bakin ramin, an riga an sauke makara, ya ɗauki 'yarsa a hannu cikin likkafani zai miƙa wa ƙaninsa da ke ciki. Ya ɗago kai. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

Ya ce, "Habibu ne a can? Ku ba shi hanya."

Babu wanda ya gane nufinsa. Ina jin wasu sun ɗauka zai tsine mini ne a gaban gawa, ni ma abin da na ɗauka ke nan. Jama'a ta dare biyu. Na tako a tsakaninsu, ƙasa a fuskata, ina jin numfashin mutane. Da na iso ya dubi ƙaninsa ya ce ya fito. Ƙanin ya yi turus, ya sake ce masa ya fito. Sannan ya dube ni, idanunsa jajur amma a bushe.

Ya ce, "Shiga ka karɓe ta."

Na shiga. Ya sunkuyo ya ɗora mini ita a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ɗaurin fata guda, kuma hannayen nan nawa da gari ya ce su suka kashe ta, su ne suka kwantar da ita a kan damanta, suka juyar da fuskarta gabas. Ina ɗagowa na ga kawunan mutane sun kewaye bakin ramin, sama a bayansu fara tas, ba mai tari ba mai motsi. Na yi shekaru a gaban manyan injina, na ga kogi ya mutu a safiya ɗaya, amma ban taɓa jin ƙanƙantar kaina kamar a cikin ramin nan ba, a ƙarƙashin wannan tsoho mai yagaggiyar riga. Aka miƙo itace na jera, aka miƙo kwaɓaɓɓiyar ƙasa na liƙe. Da na gama, shi ya miƙo hannu ya jawo ni waje.

Bai saki hannun ba. Aka rufe, aka yi addu'a, aka juyo, hannuna yana cikin nasa har ƙofar gidansa. Aka shimfiɗa tabarmi, ya zauna, ya zaunar da ni a damansa, inda ɗan'uwa na jini ke zama. Haka muka yi zaman makokin nan gaba ɗaya. In na yunƙura zan matsa sai ya dafa gwiwata. Duk wanda ya zo gaisuwa, in ya miƙa masa hannu, to ga ni a gefe, babu yadda zai yi ya tsallake ni. Liman ya ba ni hannu. Mai unguwa ya ba ni. Iyayen yaran da suka jefe ni suka ba ni, kansu a ƙasa. Yaya Garba ya zo a rana ta biyu, ya gaisa da Malam Ya'u, ya tsaya jim, sannan ya kama hannuna ya riƙe ya daɗe. Malam Ya'u kuwa, a duk kwanakin, bai yi wa kowa wa'azi ba, bai ce Habibu ba shi da laifi ba, bai ambaci kogi ko kamfani ba. Amsa gaisuwa kawai yake, yana cewa sai haƙuri.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru a ranar. Sannu a hankali abin ya saki. Tazarar sahu ta rufe kafin damina. Na sayar da babur na sayi injin niƙa na kafa a zaure, matar Malam Ya'u ce ta fara aiko da dawa, sauran mata suka biyo. Hukuma ta fitar da sakamakon bincikenta bayan an gaji da jira: ta ce magudanar ta masana'antu da dama ce, ta ci tarar wasu, namu yana ciki, amma ba ta faɗi wanda ya saki ruwan wannan rana ba. Don haka ba a wanke ni ba, ba a kuma kama ni ba. Aikin kamfani ban sake samu ba har ƙarfina ya ƙare. Da Yaya Garba mun koma gaisawa, mun yi jinyar Inna tare, mun binne ta tare, amma tuwo bai sake haɗa mu a kwano ɗaya ba har ya koma ga Allah. Wannan ita ce asarar da ta fi yi mini ciwo, kuma ban ɗora masa laifi ba.

Malam Ya'u bai sake haihuwa ba. Ya rasu ba shi da mai yi masa addu'a daga tsatsonsa, don haka na ɗora muku wannan, ku da 'ya'yanku. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Hindatu.

Shekaru na yi ina son in tambaye shi abu ɗaya, kwarjininsa yana hana ni. Sai a raninsa na ƙarshe, ya tsufa ƙwarai, ya koma shuka 'yar albasa da ruwan rijiyar da ya haƙa nesa da gaɓa. Na same shi da yamma yana zaune a kan kunyar lambu yana hutawa. Na zauna kusa da shi, muka gaisa. Sannan na yi ƙarfin hali na ce, Malam, a ranar nan, yaya aka yi kuka san ba ni da hannu?

Ya dubi albasarsa.

Ya ce, "Ban sani ba. Har yanzu ma ban sani ba. Tun daga asibiti har gida fuskarka nake gani, kuma na ƙi ka ƙiyayyar da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba. Da na ji dutsen nan ya sauka a jikinka, daɗi na ji a raina."

Ya goge bakinsa da bayan hannu ya ci gaba.

"Daɗin nan ne ya tsorata ni. Ga yarinya a hannuna, ba ta taɓa zaluntar ko kiyashi ba, za a zubar da jinin mutum a kan kabarinta, da sunanta, ni kuma ba ni da shaida ko ɗaya da zan kai gaban Allah. Na ce in na bar ka a can nesa, zuciyata za ta ci gaba da jin daɗin. Shi ya sa na kira ka kusa. Hannunka da na riƙe kwana uku, ba don kai na riƙe ba."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar. Ya ce rana tana faɗuwa, ga sauran albasa ba ta sha ruwa ba, in ja masa guga. Na tuɓe riga na ja, shi kuma yana zubawa.